Tseren sakan huɗu, zumuncin shekara hamsin: me ke ɗaure 'yan tseren gajeren zango a Amurka?

A 'yan shekarun nan filayen tseren mota na gajeren zango sai rufewa suke yi ɗaya bayan ɗaya a Amurka. Filin Englishtown da ke jihar New Jersey ya daina wannan tsere a farkon 2018. Na Atlanta ya rufe a 2021. Bandimere da ke gindin duwatsun Kolorado, wanda iyali guda suka riƙe tun 1958, ya yi tserensa na ƙarshe a 2023, sai Irwindale da ke kusa da Los Angeles ya bi sahu a ƙarshen 2024. Duk lokacin da aka rufe wani, maganar da ke fitowa daga bakin masu zuwa wurin kusan iri ɗaya ce. Maganar mutane suke yi: wanda suka shekara talatin suna kafa rumfa kusa da tasa, wanda ya taɓa ara musu giyabos da tsakar dare, wanda 'ya'yansu suka tashi tare da nasa a cikin ƙurar filin.

Mai kallo daga nesa zai iya ruɗewa. Abin da ya fi yawo a wayoyi shi ne bidiyon samari sun tare titi da daddare, hayaƙin taya ya turnuƙe, 'yan sanda na tafe da jiniya. To ina wannan, ina zumunci? Kuma ta yaya wasan da ake gamawa kafin mutum ya ƙifta ido sau uku zai haifar da abotar da sai mutuwa ke raba ta? Amsar tana cikin yadda aka tsara wasan kansa, don haka sai an fara fahimtar tsarin.

## Wane irin tsere ne wannan?

Amurkawa na kiransa dirag. Motoci biyu ne kacal ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kan miƙaƙƙen titi, ba kwana, ba zagaye, kowa da layinsa. A tsakaninsu akwai sanda mai jerin fitilu, wadda aka fara amfani da ita a 1963. Idan koriyar fitila ta kama sai kowa ya taka. Wanda ya yi gaggawar tashi kafin lokaci, jar fitila ta kama masa, ya faɗi tun bai je ko'ina ba. Tsawon zangon a al'ada rubu'in mil ne, wato mita 402, a wasu filayen kuma rabin haka. Wanda ya sha kaye ya tattara kayansa, wanda ya ci ya jira zagaye na gaba, har a rage mutum biyu.

Manyan azuzuwan da ake nunawa a talabijin su ne Top Fuel, dogayen motoci sirara masu ƙattin tayoyi a baya, da Funny Car, masu gangar jiki mai kama da ta motar gida. Ba fetur suke sha ba, wani mai ne da ake kira naitiro. Injin ɗaya yana ba da ƙarfin doki kimanin 11,000. Motar kan cinye mita 305 cikin ƙasa da sakan huɗu, da gudun da ya haura kilomita 530 a awa, kuma sai an sakar mata laima a baya take tsayawa.

Amma waɗannan 'yan ƙalilan ne. Mafi yawan masu tseren talakawa ne, kanikawa da direbobi da ma'aikatan ofis da 'yan fansho, masu zuwa filin garinsu daren Juma'a ko ranar Asabar. Tsarin da suka fi bi shi ne tseren ƙiyasi. Kowane direba yakan rubuta a gilashin motarsa, da farin alli ko farin man takalmi, lokacin da yake ganin zai yi. Idan wani ya rubuta sakan 15, abokin karawarsa ya rubuta 11, to mai 15 za a fara kunna wa koriya, sai bayan sakan huɗu a saki ɗayan. Wanda ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi. Ke nan sanin mota da natsuwa ne ke cin tsere. Tsohuwar motar kai yara makaranta tana iya kayar da wadda aka kashe wa dukiya, kuma mai kuɗi da mai ƙaramin ƙarfi suna shiga layi ɗaya su jira a kira su.

## Daga titi zuwa fili

Tun shekarun 1930 samarin kudancin Kalifoniya ke fita busassun tafkunan hamada suna gwada gudun motocin da suka gyara da hannunsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo gida da ilimin inji da 'yan kuɗi a aljihu, sai abin ya koma titunan gari. Aka yi ta mutuwa, jaridu suka yi ca a kan 'yan tseren, jama'a suka ɗauke su 'yan iska.

Mafitar ta zo ne daga cikinsu. A 1950 wani mai suna C.J. Hart da abokansa suka samu izinin amfani da wani titin jirgin sama da ba a aiki da shi a Santa Ana, suka riƙa shirya tsere duk ranar Lahadi, da agogo da kuɗin shiga. A 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA, wadda har yau ita ce uwa a wannan harka. A garin Pomona shugaban 'yan sanda Ralph Parker da wani sajensa, Bud Coons, suka goya wa samarin baya aka ba su fili, kuma a can ƙungiyar ta yi tserenta na farko a 1953. Daga 1954 Coons ya jagoranci wata tawaga tana bin jihohi, tana zama da 'yan sanda da hukumomin gari, tana koya wa ƙananan kulob-kulob yadda ake duba mota da yadda ake tsare 'yan kallo. Gasar ƙasa ta farko an yi ta a Great Bend, jihar Kansas, a 1955.

Abin lura a wannan tarihi shi ne kulob ya riga fili zuwa. Samari biyar ko goma ne ke haɗa kuɗi su gina mota ɗaya a garejin mahaifin ɗayansu, wannan ya iya walda, wancan ya iya inji, wani kuma shi ke da motar ja. Mutum ɗaya ke tuƙi, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Har yau haka abin yake, ko a ƙaramin fili da wuya ka ga direba ya zo shi kaɗai.

## Rumfar gyara

A babbar gasa motoci 16 ne ke shiga karawar ranar Lahadi a kowane babban aji. Wanda ya ɗauki kofi a Top Fuel zagaye huɗu ya yi, wato duka gudunsa na ranar bai cika sakan 16 ba. Sauran kwana ukun gasar a filin gyara ake cinye su, inda tireloli ke jere, kowace da rumfarta, maƙwabci na jin tarin maƙwabci.

Da zarar mota ta gama gudu sai a jawo ta zuwa rumfa. Kanikawa kan rufar mata da safar hannu, don injin na da zafin da ba ya taɓuwa. Wannan ya kwance kan inji, wancan ya kwanta a ƙasa yana zaro fistin, wani ya ciro kulocin da ya yi jawur. Cikin kusan awa guda an wargaza injin an sake haɗa shi, a tayar da shi a gwada. Hayaƙin naitiro na sa ido hawaye, ƙarar na girgiza ƙirji, amma za ka ga mutane cunkus a bakin igiya, sun toshe kunne, ba mai niyyar matsawa. A gasar NHRA tikitin shiga shi ne kuma izinin zagaya wuraren gyara. Yaro na iya tsayawa taku uku daga zakaran duniya yana kallonsa yana naɗe laimar motarsa, ya miƙa masa hula ya sa hannu. A mafi yawan manyan wasannin mota ba a samun wannan sai da izini na musamman. Kanikawa da dama sun fara ne daga bakin wannan igiya, daga kallo zuwa miƙa sifana, daga nan zuwa wanke kayan inji.

Abu na biyu shi ne lalacewa. Injin da ake matsa wa haka dole ya ci kayansa, kuma ba mai iya ɗauko komai da komai daga gida. Saboda haka aron kaya ya zama al'ada. Sananne ne a wannan harka mutum ya ara wa wanda zai kara da shi nan da awa guda kayan gyara, ko ya tura masa yaransa su taya shi haɗa inji. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan abokin karawa bai fito ba, kai kaɗai za ka bi layi a ba ka nasara, kuma irin wannan nasara ba ta da daɗin faɗi a cikin jama'a. Sannan wanda ya ba da aro yau ya san gobe shi ne mai nema. Duk wanda ya taɓa zama a garejin kanikawa ya ga yadda jak ɗaya ke zagaya rumfuna biyar ya san wannan lissafi.

Na uku, kuma ba a cika kula da shi ba, shi ne motocin ba sa haɗuwa. A tseren zagaye, direba na iya tare wani ko ya ture shi gefe, kuma daga nan ne gaba ke farawa. A nan kowa da layinsa, wanda ya tsallaka layin tsakiya an kore shi. Bayan gudu ana miƙa wa kowa 'yar takarda mai ɗauke da alƙaluma: sakan nawa ya ɗauka kafin ya tashi, nawa ya yi a farkon zango, nawa a ƙarshe. Wanda ya faɗi yana ganin inda ya faɗi, kuma yawanci laifin na ƙafarsa ne ko na injinsa. Abin jayayya kaɗan ne, shi ya sa musabaha a ƙarshen titi ba ta yi wa kowa nauyi.

Inda wannan ɗabi'a ta fi fitowa fili shi ne gasar mako guda da mujallar Hot Rod ta fara shiryawa a 2005. Ana yin tsere kwana biyar a jere, kuma dole kowa ya tuƙa motar tserensa a kan titin gwamnati daga wannan fili zuwa wancan, tafiyar da jimillarta ke kai mil dubu, ba tare da motar rakiya ba. Motocin da aka gina don gudun sakan bakwai ko takwas sukan mace a gefen hanya, kuma wanda zai tsaya ya taimaka ɗan gasar ne. Da yawa daga masu zuwa ba su da tsammanin kofi, gama makon tare da jama'arsu shi ne burin.

## Maciji da Tunku

Abotar da ta fi shahara a tarihin wasan ta fara ne da hamayya. Don Prudhomme, wanda ake wa laƙabi da Maciji saboda saurin tashinsa, ya kara da Tom McEwen a filin Lions da ke kusa da Long Beach a 1964. McEwen ya ɗauki laƙabin Tunku, dabbar da aka sani da farautar maciji. Halinsu ya sha bamban. Prudhomme mutum ne mai zafin neman nasara, shi ne ya riƙe kambin Funny Car shekara huɗu a jere daga 1975 zuwa 1978. McEwen kuwa mai baki ne da kan kasuwa. Shi ne ya kai wa kamfanin kayan wasan yara na Mattel shawarar ya ɗauki nauyinsu, aka ƙulla yarjejeniya, daga 1970 aka riƙa sayar da 'yan motocin Hot Wheels masu sunayensu. Suka kafa kamfani tare, suna zagaya Amurka suna karawa da juna a gaban 'yan kallo, kuɗin na shiga asusu ɗaya.

A 1978 ɗan McEwen, Jamie, ya rasu da ciwon sankarar jini kwanaki kaɗan kafin babbar gasar Indianapolis, wadda ita ce mafi daraja a shekara. McEwen ya daure ya je. Ya kai zagayen ƙarshe, kuma wanda ya tarar a ɗaya layin Prudhomme ne. Prudhomme bai sassauta masa ba, amma tayoyinsa suka zame, McEwen ya ci. A ƙarshen titi Prudhomme ya fito daga motarsa ya kutsa cikin ta McEwen, suka zauna suna kuka tare. Abotarsu ta ci gaba har rasuwar McEwen a 2018, shekara 54 bayan karawarsu ta farko.

Akwai kuma Don Garlits da Shirley Muldowney. Lokacin da Muldowney ke neman lasin tuƙa Top Fuel a 1973, a zamanin da maza da yawa ba sa son ganin mace a layin, Garlits na cikin direbobi ukun da suka sa mata hannu. Daga baya ta zama babbar abokiyar hamayyarsa, ta ci kambin duniya a 1977 da 1980 da 1982, kuma sun sha gaya wa juna magana mai zafi a gaban 'yan jarida. Da girma ya zo, kowannensu ya zama mai yabon ɗayan a bainar jama'a.

## Haɗari da abin da yake haifarwa

Ba za a fahimci ƙarfin wannan zumunci ba sai an dubi yawan jana'izar da suka yi tare. A watan Maris na 1970 giyabos ya fashe a motar Garlits a filin Lions, ya raba motar biyu, ya datse masa wani ɓangare na ƙafar dama. Yana kwance a asibiti ya zana motar da injinta ke bayan direba. Ya ci gasa da ita a 1971, kuma cikin 'yan shekaru duk masu Top Fuel suka kwaikwaya. Sirrin gudu kowa na ɓoye nasa, amma dabarar tsira da rai ba a ɓoye ta.

A 1984 tayar gaba ta fashe wa Muldowney a wani fili kusa da Montreal a Kanada, ta kakkarye, ta yi doguwar jinya. Halin da ta shiga ya sa matan da ke cikin harkar suka kafa ƙungiyar DRAW a 1985, wadda ke tara kuɗi tana tallafa wa direbobi da kanikawan da suka ji rauni a fili. A 2007 Eric Medlen, direba a tawagar shahararren direban Funny Car John Force, ya rasu bayan haɗari a wajen gwaji a Gainesville, jihar Fulorida. Mahaifinsa John Medlen shi ne babban makanikensa. Uban da Force suka duƙufa wajen sake fasalin kariyar kan direba, kuma a watan Satumba na shekarar Force kansa ya yi mummunan haɗari a Texas ya rayu. A 2008 Scott Kalitta ya rasu a Englishtown, abin da ya sa aka rage zangon manyan azuzuwan biyu daga mita 402 zuwa 305.

A shekarar 2008 ɗin ne kuma Doug Herbert, direban Top Fuel, ya rasa 'ya'yansa maza biyu a haɗarin mota a kan titin gari. Ya kafa gidauniyar BRAKES mai koya wa matasa tuƙi cikin kiyayewa kyauta. Mutanen da ke ƙona naitiro ranar Lahadi su ne kuma ke cikin masu yi wa samari faɗa a kan gudu a titi, kuma su ba sa ganin wani saɓani a tsakanin abubuwan biyu.

## Gwajin Los Angeles

Shin wannan zumunci na iya tsallake gabar launin fata da ta unguwa? An gwada. Bayan tarzomar unguwar Watts ta 1965, wani baƙar fata ƙato mai suna Willie Robinson, wanda aka fi sani da Big Willie, shi da matarsa Tomiko suka haɗa 'yan tseren titi a ƙungiyar 'yan uwantaka. A tsakiyar shekarun 1970, da goyon bayan magajin gari Tom Bradley, suka samu fili a tsibirin Terminal da ke tashar jiragen ruwa. Baƙaƙe da farare da 'yan asalin Meziko, har da 'yan dabar da ba sa ga maciji da juna da kuma 'yan sanda, duk sun yi layi a wurin. An rufe filin a 1984, aka sake buɗewa a 1993, aka rufe gaba ɗaya a 1995 saboda aikin tashar. Robinson ya rasu a 2012. Binciken da jaridar Los Angeles Times ta yi daga baya ya nuna ya ƙara gishiri a wasu labaran da yake bayarwa game da kansa, amma filin da jama'ar da ya tara ba ƙage ba ne.

A matakin ƙwararru ma wasan ya riga takwarorinsa buɗe ƙofa. Antron Brown ya ci kambin Top Fuel a 2012, ya zama baƙar fata na farko da ya ci babban kambin tseren mota a Amurka. Erica Enders ta ci na ajin Pro Stock sau shida, kuma ta faro ne daga ajin yara da aka buɗe a 1992. Agogo ba ya tambayar wane ne a cikin mota.

## Inda kuɗi ke ɓata zance

Ba daidai ba ne a nuna kamar babu rigima. A saman harkar, inda attajiri ɗaya ke da motoci uku ko huɗu, abota kan rikiɗe ta zama abin zargi. A gasar Indianapolis ta 2009 John Force ya faɗi a hannun Robert Hight, direban tawagarsa kuma surukinsa a lokacin, nasarar da ta ba Hight gurbin neman kambi ta kuma fitar da Cruz Pedregon. Ƙanen Cruz, Tony Pedregon, wanda ya ci kambin 2003 a ƙarƙashin Force, ya zarge shi da sakin tseren da gangan, suka yi cacar baki a gaban kyamara. Hight ne ya ci kambin shekarar. Masu kare irin wannan na cewa tawaga tawaga ce, masu suka na cewa ɗan kallo ya biya ne don ya ga tsere na gaskiya.

A ƙananan filaye ma akwai zargin maguɗi da na'urorin lantarki, akwai bashin da ba a biya ba, akwai auren da kuɗin mota ya girgiza. Kuma tsadar kaya na tace masu shiga: wanda ba shi da rarar kuɗi ko garejin kwana da wuya ya daɗe.

## Rufe filaye: me kowane ɓangare ke cewa?

Masu filaye lissafi suke yi. Filin da aka gina a bayan gari shekara sittin da suka wuce yanzu gari ya cim masa, kuma kuɗin da kamfanin ajiyar kaya ko mai gina gidaje zai biya ya ninka abin da tikiti zai kawo. Filin Houston kamfanin ajiyar kaya aka sayar wa. Na Englishtown ya koma wurin ajiye motocin gwanjo, alhali a nan ne mai filin, Vinny Napp, ya ƙera motar tseren yara ta farko. Iyalin Bandimere sun ce gidaje sun kewaye su, za su nemi wani wuri.

Maƙwabta na da nasu ƙorafin, kuma ba na banza ba ne. Ƙarar waɗannan motoci na kai nisan kilomitoci, ga cunkoso ranar gasa. 'Yan tsere kan amsa da cewa fili ya riga gidajen zuwa. Wannan jayayya tsohuwa ce, tana cikin abin da ya rufe filin Lions tun 1972.

Hujja mafi ƙarfi a hannun 'yan tsere ita ce ta tsaro: idan aka rufe fili, samari za su koma titi. Ɓarnar tseren titi ba ta da musu. A watan Fabrairun 2008 mutum takwas suka mutu a Accokeek, jihar Maryland, lokacin da mota ta afka wa masu kallon tseren dare. A 2018 Los Angeles Times ta ƙirga aƙalla mutum 179 da suka mutu a haɗurran da ke da alaƙa da tseren titi a gundumar Los Angeles tun daga 2000. Masu shakka kuma na cewa wanda ke tare mahaɗar titi don a ɗauke shi bidiyo karya dokar ce ke burge shi, ko an ba shi fili ba lallai ya je ba. Akwai gaskiya a nan. Fili ba ya maganin kowa. Amma yana raba masu son gudu da masu son fitina, kuma yana sa yaro ɗan shekara sha takwas a hannun dattijon da zai duba masa bel da hular kwano kafin ya bar shi ya shiga layi. A titi babu wannan dattijo.

## Wa ke asara?

Manyan tawagogi ba su da matsala, tirelolinsu za su nufi wata jiha. Mai asara shi ne makaniken da ke tashi daga aiki ƙarfe biyar ya ja motarsa zuwa filin da ke nisan rabin awa. Idan fili mafi kusa ya koma tafiyar awa uku, kuɗin mai da na masauki sun shigo, zuwan kowane mako ya koma na sau biyu a shekara, daga nan a sayar da motar. Masu walda da masu sayar da taya da masu abinci a bakin fili su ma kasuwarsu ta tafi. Zumunci a ƙafa yake, kuma shafin Facebook na tsofaffin 'yan fili, duk da yana riƙe hotuna da sanarwar rasuwa, ba ya haifar da sabbin abokai. Tsofaffin sun samo wa kansu mafita: tun 1992 ake taron tuna baya a filin Famoso kusa da Bakersfield, inda ake fito da motocin shekarun 1960 a tayar da su. Wannan na riƙe waɗanda suka riga suka san juna ne. Ɗan shekara goma da zai fara sabo da filin garinsu shi ne ba a tanadar wa komai ba.

Wasan ya daɗe da fita Amurka. Ingila na da Santa Pod tun 1966, a kan wani tsohon sansanin jiragen yaƙi. Bahrain da Katar da Abu Dhabi sun gina nasu filayen, Afirka ta Kudu na da Tarlton. A garuruwanmu kuwa an san wasan da samari ke yi da mota da babur ranar biki, an kuma san rayukan da yake ci, har na masu wucewa da ba ruwansu. Abin da ake kwaikwaya daga bidiyo shi ne gudun da hayaƙin, ba a ganin mai duba mota da motar asibiti da katangar da ke tsakanin titi da 'yan kallo. Hukumomin da ke tunanin abin yi na iya duba yadda Santa Ana ta fara: titin jirgin da ba a amfani da shi, izinin hukuma, agogo, da mutanen da suka yarda su buɗe ƙofa kowace Lahadi. Da wannan kaɗai filin ya yi aiki daga 1950 har zuwa 1959.